Daga Rafukka Zuwa Zariya: Asalin Kwalejin Barewa da Abin da Ya Rage wa Katsina

Wani ɗalibi daga Daura ya aiko da tambaya: "Malam, ana ce mana Kwalejin Barewa ta Zariya a Katsina aka kafa ta. In haka ne, me ya raba ta da Katsina? Kuma ita ce ta koma Kwalejin Gwamnati ta Katsina da muka sani yanzu, ko kuwa daban suke?"

Ɗana, gaskiya aka gaya maka. A Katsina aka kafa ta, cikin 1921, da sunan Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, kuma Gwamnan Nijeriya na lokacin, Hugh Clifford, shi ya zo da kansa ya yi bikin buɗe ta a watan Maris na 1922. Ta tashi zuwa Kaduna a 1938, daga can ta wuce Zariya a 1949, sunan Barewa kuwa sai a 1971 aka tabbatar mata da shi. Kwalejin Gwamnati ta Katsina daban take, tushenta daban, zan zo kanta. Amma in na bar ka da waɗannan shekaru kawai ban ba ka komai ba, domin abin da ya fi muhimmanci a tarihin makarantar nan shi ne dalilin da ya sa aka gina ta, da kuma ƙanƙantar da aka yi mata da gangan.

Turawa sun shigo Katsina a 1903, shekarar da suka ci Kano da Sakkwato. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba, kuma saboda wannan alkawari aka taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. A Kudu kuwa 'yan mishan su ne suka ɗauki nauyin boko: tun 1859 suka buɗe sakandare a Ikko, gwamnati ta ƙara da Kwalejin Sarki a 1909. A nan Arewa sai ya zama in gwamnati da En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ba su gina makaranta ba, babu mai ginawa. Ba wai ƙasar ba ta da karatu ba ne. Lissafin da Turawan da kansu suka yi a zamanin Lugga ya nuna makarantun allo kimanin 25,000, almajirai sama da 200,000. Karatu yana nan, sai dai ba irin wanda sabon mai mulki yake bukata a ofishinsa ba.

Hanns Vischer, wanda muka fi sani da Ɗan Hausa, shi ya fara makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano a 1909. Daga nan aka shiga buɗe makarantun lardi a manyan garuruwa, Katsina ma ta sami tata. Nan da nan matsala ta fito fili: wa zai koyar? Turawa 'yan kaɗan ne kuma suna da tsada. Kawo malamai daga Kudu abu ne da Razdan-Razdan na Arewa, wato Turawan da ke shugabancin larduna, ba sa so ko kaɗan, don suna ganin za su zo da ra'ayin jaridun Ikko da ƙorafi a kan mulki. Mafita ɗaya ta rage, a horar da 'ya'yan Musulmin Arewa su zama malaman. Wannan shi ne dukan manufar Kwalejin Katsina a ranar da aka buɗe ta. Ba a gina ta don ta fitar da likita ko lauya ko injiniya ba, balle Firayim Minista. Malaman makaranta ake so, masu Turanci mai kyau, masu ladabi, waɗanda za su koma lardunansu su yi aiki a ƙarƙashin sarakunansu ba tare da ɗaga kai ba.

To me ya sa Katsina, ba Kano ko Zariya ko Kaduna ba? Clifford ya faɗi dalilai biyu a jawabinsa na buɗewa. Na farko, Katsina gari ne da Musulmin ƙasar nan suke girmamawa a kan ilmi da tsoron Allah. Wannan kuwa ba fadanci ba ne. Garin Gobarau ne, garin Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, garin da ya fitar da Muhammadu al-Katsinawi, masanin hisabi da ya rasu a Alƙahira a 1741. Uban da aka ce masa za a kai ɗansa karatu Katsina, hankalinsa ya fi kwanciya a kan a ce masa Kaduna, barikin soja da ma'aikata. Dalili na biyu, Katsina ba ta kusa da hanyar jirgin ƙasa, kuma ba ta zama cibiyar ciniki irin ta zamani ba, saboda haka samarin za su yi karatu cikin natsuwa. Jirgi ya isa Kano tun 1911, ya kawo kamfanoni da baƙi da Sabon Gari. Katsina ba ta ga dogo ba.

A ganina dalili na biyun ya fi nauyi a zuciyar masu mulki. Natsuwar da ake magana ba ta karatu kaɗai ba ce. Ana so a raba yaran da jarida, da akawun Kudu, da duk wanda zai sa su fara tambayar me ya sa abubuwa suke yadda suke. Ka riƙe wannan, domin shi ne zai dawo ya zama dalilin ɗauke makarantar bayan shekara 17.

Akwai dalili na uku wanda mu Katsinawa ba ma mantawa da shi, wato Sarki Muhammadu Dikko. Durɓi ne kafin Turawa su ɗora shi a kan gadon sarauta bayan sun tuɓe Sarki Yero, ya kuma riƙe ƙasar har rasuwarsa a 1944. Mutum ne mai saurin gane inda iska ta dosa. A shekarar 1921 ɗin nan da aka fara karatu a kwalejin ya yi aikin Hajji, ya kuma ga Ingila da idonsa. Makarantar kwana da za ta tara 'ya'yan manya daga Barno da Adamawa da Ilori da Sakkwato tana bukatar sarkin da zai tsaya mata, ya ba da fili, ya sa magina, ya kuma rufe bakin masu suka. A wancan zamani ba kowane sarki zai yarda da haka ba. Dikko ya yarda, kuma shi ne ya sake buɗe ƙofa aka fara koyar da 'yan mata boko a Katsina wajen 1930, abin da ya fi na kwalejin wuyar karɓuwa.

In ka shigo Katsina, ka nufi Rafukka ta wajen Ƙofar Sauri, ginin yana nan tsaye. Da ƙasa aka yi shi, aikin maginan gari, ba siminti ba kwano. Ka dafa bangon ka ji kaurinsa, ka ɗaga kai ka ga yadda aka jera azara a rufin. Ko da rana ta take a watan bazara, in ka shiga ciki za ka ji sanyi ya sauko maka. Ɗakunan karatun ba su da girma, kuma wannan kaɗai ya isa ya gaya maka yawan mutanen da aka yi niyyar koyarwa. Gwamnati ta sa ginin cikin kayan tarihin ƙasa a 1959, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne. Shi kansa ginin ƙasar manufa ce: kada yaro ya saba da irin gidan da ba zai samu ba in ya koma garinsu, kada ya raina inda ya fito. Haka ma tufafi, riga da hula suke sawa kamar kowane ɗan mutunci a gari.

Karatun shekara biyar ne. Ana zaɓo yara daga makarantun lardi, kowane lardi da rabonsa, kuma Musulmi kaɗai ake ɗauka a wancan lokaci. Ɗaliban suna zaune a gidaje masu suna Arewa, Kudu, Gabas, Yamma, Illela da Hankaka. Zuwa makarantar ma kansa aiki ne. Ahmadu Raɓah, wato Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardauna, ya shiga a 1926, kuma a ƙasa yake tahowa daga Sakkwato, tafiyar kusan mako guda. Ka kwatanta na Yola ko Maiduguri. Yaron da ya sha wannan tafiya ba ya zuwa gida sai babban hutu, saboda haka abokan gidansu na makaranta su ne danginsa shekara biyar. Babarbare da Banufe da Bafillace da Bayaraben Ilori suna cin tuwo a akushi ɗaya, Hausa ce harshen hira, Turanci harshen aji. Kafin Kwalejin Katsina da wuya ka sami wurin da ɗan Dikwa da ɗan Bida za su zauna su san juna tun suna samari. Tunanin cewa akwai wani abu wai shi Arewa, wanda ya wuce masarautar mutum, a waɗannan gidaje ya fara kama jiki.

Shugaban farko Bature ne mai suna Bieneman. Darussan su ne Turanci, lissafi, tarihi, labarin ƙasa, dabarun koyarwa, da Larabci da addini. A ɓangaren addini da Larabci akwai malamai 'yan ƙasa, fitacce a cikinsu Malam Bello Kagara, wanda ya daɗe yana koyarwa a nan. Amma abin da makarantar ta yi suna a kansa shi ne Turancin baka. Ana tsare yaro a kan furucin harafi ɗaya har sai ya fito daidai, ana sa shi karatu da ƙarfi, ana sa shi tsayawa gaban jama'a ya yi magana. Duk wanda ya taɓa jin muryar Abubakar Tafawa Ɓalewa a tsohon faifai, yadda yake ajiye kowace kalma a wurinta ba gaggawa, to aikin ajin Rafukka yake ji. Kimiyya kuwa babu ita a shekarun farko. Wannan giɓi ne babba, kuma ba mantuwa aka yi ba: malamin elementare da midil, a lissafinsu, ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje.

Da yamma sai wasanni, kurket da ƙwallon ƙafa da wasan nan na buga ƙaramar ƙwallo a bango da tafin hannu, wanda ake kira fayis. Sardauna gwaninsa ne, bai kuma bar shi ba har ya zama Firimiya. Abin mamaki, a Ingila wasan 'yan wasu makarantu ne kaɗan, amma a Katsina ya shiga gari, har yau akwai masu buga shi.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Makarantar tana da al'adar ba kowane ɗalibi lamba a rajista, ana bi a jere tun daga mutum na farko, kuma tsofaffin ɗalibai har yau da lambar suke gabatar da kansu. Ahmadu Bello, da ya shiga a 1926, lambarsa 87. Tafawa Ɓalewa, da ya shiga a 1928, lambarsa 145. Shehu Shagari ya shiga a 1941, lokacin makarantar tana Kaduna, lambarsa 394. Yakubu Gowon ya shiga a Zariya a 1950, lambarsa 783. Yi lissafi da kanka. Cikin shekara 20 na farko, makarantar da ita ce ƙololuwar boko a duk lardunan Arewa, ƙasar da ta fi rabin Nijeriya girma da yawan jama'a, ba ta ɗauki mutum 400 ba. Kimanin yara 20 ke nan a shekara. Ba 20 daga Katsina ba, 20 daga Arewa gaba ɗaya.

Daga wannan ƙanƙanta abu biyu suka fito, ɗaya mai daɗi ɗaya mai ɗaci, kuma ba a raba su. Mai daɗin shi ne inganci da zumunci. Malami ya san kowane yaro da halinsa da rauninsa. Waɗanda suka fito sun san juna ciki da bai, sun san wa za a ba amana, wa ke da zafin rai, wa ke iya rubutu. Da lokacin siyasa ya zo, ba su bukaci gabatarwa ba. Mai ɗacin shi ne ranar da aka ce 'yan ƙasa su karɓi mulki, sai aka duba aka ga mutanen ba su isa ba. A 1957, saura shekara uku a sami 'yancin kai, Kudu tana da makarantun sakandare 176, Arewa tana da 18. Wannan shi ne abin da ke bayan matsayin da Sardauna da 'yan uwansa suka ɗauka a majalisa a Ikko a 1953, da aka kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956 suka ce a bari sai lokacin da ya dace. An yi musu ihu, an zage su a titi. Su kuwa sun san abin da ke cikin rajistar makarantarsu. Sun san in Bature ya tashi a ranar, kujerun ofisoshin Kaduna ba 'yan Arewa ne za su hau ba. Manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati, da gaggawar buɗe makarantu, da kafa jami'a a Zariya a 1962, duk ƙoƙarin cike ramin da aka haƙa tun 1921 ne.

Ba zan ɗora wa Turawa laifin duka ba, don ba adalci ba ne. Iyayenmu ma sun guji boko. Ana zuwa ɗaukar yara sai a ɓoye su a rumbu ko a tura su ƙauye wurin dangi. Wani mai sarautar in an matsa masa ya kawo ɗa, sai ya miƙa ɗan baransa. Har waƙar zambo yara suke yi wa 'yan makaranta, ana cewa ba sa karatu ba sa salla. Tsoron yana da tushe, domin mutanen da suka ci ƙasarka da bindiga jiya ne suke neman ɗanka yau. Amma mai iko shi ke da babban rabo. Kuɗin harajin Arewa yana shiga, an san yawan jama'a, an san abin da ake yi a Kudu, aka zaɓi a tafi a hankali saboda tsoron abin da mai ilmi zai iya tambaya.

Kuma tambayar ba ta fasa zuwa ba. Kusan dukan ɗaliban kwalejin da aikin malanta suka fara, kamar yadda aka tsara. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 kafin a naɗa shi hakimin Raɓah a 1934. Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci har ya zama shugabanta. Kashim Ibrahim ya koyar a Barno, Aliyu Makaman Bida a Bida. Abubakar Imam, ƙanen Malam Bello Kagara, ya gama a 1932 ya koyar a Midil ta Katsina, daga nan aka ɗauke shi Zariya, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. A gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, aƙalla uku daga cikin littattafai biyar da aka buga na mutanen kwalejin nan ne: Imam, Bello Kagara da Tafawa Ɓalewa. Sa'adu Zungur ya bi ta Katsina kafin ya wuce Babbar Kwalejin Yaba, ya dawo ya zama ƙaya a wuyan Turawa da En'e gaba ɗaya. Shi kuma Tafawa Ɓalewa, ɗalibin da ake yabo da sanyin hali, shi ne ya miƙe a majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e. Makarantar da aka ɓoye daga hanyar jirgi don kada a koyi ƙorafi, ita ta fitar da masu ƙorafin da suka fi kowa sanin inda ciwon yake.

Sai maganar tashinta, wadda ita ce zuciyar tambayarka. A 1929 aka haɗe sashen ilmi na Arewa da na Kudu a ƙarƙashin darakta ɗaya, Hussey. Shi ya kawo tsarin elementare da midil da babbar kwaleji. Makarantun lardi suka koma midil, Kwalejin Katsina kuma aka ɗaga ta zuwa Babbar Kwaleji, aka shigo da kimiyya, aka fara tunanin ta riƙa shirya yara don aikin asibiti da gona da gine-gine, ba malanta kaɗai ba. Da manufa ta canza, sai duk abin da ya sa aka zaɓi Katsina ya juye ya zama cikas. Kimiyya tana son ɗakin gwaji da ruwan famfo da lantarki. Ɗalibin aikin injiniya yana son ya ga ma'aikata. Yaro daga Yola ko Ilori yana son inda jirgi zai sauke shi. Nisan da aka yaba a 1922 shi aka kawo hujja a kansa. Karyewar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929 ta tsuke aljihun gwamnati ta ja lokaci, amma a 1938 aka kwashe ɗalibai da malamai zuwa Kaduna, hedkwatar Arewa, sunan ya koma Kwalejin Kaduna. Ba rigima aka yi da Sarki ba, ba kuma wani laifi Katsina ta yi ba.

Zaman Kaduna bai yi daɗi sosai ba, don Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, soja suka karɓe sababbin gine-ginen, makarantar ta koma zaman wucin gadi. Amma a shekarun nan ne aka kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, a 1939, zamanin da wani Bature mai suna Mort yake shugaban makarantar. Taron zumunci ne a fili, sai dai in malamai da ma'aikatan En'e daga larduna daban-daban suka haɗu a ɗaki ɗaya, dole hira ta kai ga halin da ƙasa ke ciki. Da yawa daga waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949 daga wannan zumunci suka fito. Malam Aminu Kano, wanda ya gama Kwalejin Kaduna a 1942 ya kuma jagoranci jam'iyyar adawa ta NEPU, shi ma ɗan gidan ne. Wato gwamnati da 'yan adawa a Arewa duk rajista ɗaya suka fito.

A 1949 aka koma mazauni na dindindin a Zariya, kan hanyar Gaskiya. An kira ta Sakandaren Gwamnati, a 1956 ta zama Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sannan Barewa. A nan ta zama cikakkiyar sakandare mai shirya yara jarrabawar fita da shiga jami'a, ƙofa kuma ta buɗe ga waɗanda ba Musulmi ba. Gidajen kwanan ɗalibai suka ɗauki sunayen mutanen farko: Bello Kagara, Nagwamatse, Ɗan Hausa, Lugga, Clifford, Bieneman, Mort. A zamanin Zariya ne aka shiga kwaɗaita wa yara aikin soja, shi ya sa Gowon da Murtala Muhammed suka fito daga can. Hassan Usman Katsina, jikan Sarki Dikko, wanda ya zama Gwamnan soja na Arewa a 1966, shi ma tsohon ɗalibi ne. Daren 15 ga Janairun 1966 ya yi wa makarantar nan ɓarna mai yawa: Sardauna, Tafawa Ɓalewa, Birgediya Zakariya Maimalari da wasu manyan hafsoshi da suka fito daga cikinta, duk an kashe su a lokaci ɗaya a juyin mulkin soja. In ka haɗa Tafawa Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya yi karatun share fagen jami'a a can, mutum biyar ke nan da suka shugabanci Nijeriya daga makaranta guda.

Mu Katsinawa rabonmu a ciki ba kaɗan ba ne. Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda ya riƙe ma'aikatar ilmi ta Jihar Arewa a shekarun da aka fi buɗe makarantu, a Rafukka ya yi karatu. Haka Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, Ministan harkokin Ikko a jamhuriya ta farko.

Ita kuwa Kwalejin Gwamnati ta Katsina, zuriyar makarantar lardi ce, ba ta kwaleji ba. Makarantar lardin ta girmi kwalejin ma, ita ce ta zama Midil a gyaran Hussey, ta zama Sakandaren Lardi a shekarun 1950, daga baya ta zama Kwalejin Gwamnati. A da ita ke ciyar da kwalejin da ɗalibai, kamar yadda Midil ta Kano da ta Sakkwato da ta Bauci suke yi. Ɗan garinku Muhammadu Buhari a nan ya yi sakandare daga 1956 zuwa 1961, Shehu Musa 'Yar'aduwa ma a nan ya yi. Abin da ke rikita mutane shi ne duka biyun ana ce musu kwaleji, duka a Katsina, duka makarantun kwana na maza. Amma in wani ya ce maka Sardauna da Buhari makaranta ɗaya suka yi, ka gyara masa.

Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967, Katsina da Zariya suka faɗa jiha ɗaya, saboda haka yaranmu suka ci gaba da zuwa Barewa kamar gida. A 1987 aka cire Jihar Katsina daga Kaduna, Barewa ta zauna a hannun Kaduna. Tsakanin nan kuma an yi shirin ilmin firamare kyauta na 1976, yara suka yi ambaliya, aka buɗe sakandare a kusan kowace ƙaramar hukuma. Wannan alheri ne, shi ne abin da su Isa Kaita suka yi fata. Sai dai an juya matsalar ne kawai. Da ana da inganci babu yawa, yanzu ga yawa an kasa riƙe ingancin. Na koyar a makarantar kwana inda aji ɗaya ya ninka abin da Kwalejin Katsina take ɗauka a shekara sau huɗu, ɗakin kwana ba raga a taga, ɗakin gwaji ba ruwa. Malami ba zai san sunan kowa ba, balle ya tsare yaro a kan furucin harafi.

Kuma abin da ya fi ba makarantar kwana daraja, wato haɗa yaran da ba su san juna ba daga nesa, shi ne ya fara mutuwa. Da kowace jiha ta koma ɗaukar 'ya'yanta, ɗan Daura ya daina kwana ɗaki ɗaya da ɗan Bida. Sannan rashin tsaro ya zo ya ƙarasa. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, an rufe makarantun kwana a jihar na wani lokaci, iyaye da yawa kuma ba su sake yarda ɗansu ya kwana a makaranta ba, ba kuwa wanda zai ga laifinsu. Shekara guda bayan haka, a 2021, tsofaffin ɗaliban Barewa suka yi bikin cikar makarantarsu shekara 100, suna ƙirgawa daga ranar da aka fara karatu a Rafukka, ba daga ranar da aka isa Zariya ba.

Tun da daga Daura zuwa Katsina ba nisa, ka ware rana ka je ka ga ginin, ka tafi da ƙannenka. Ginin ƙasa ne, yana bukatar yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, kuma hukuma ta fi kula da wurin da take ganin mutane suna zuwa. In kuma bincike kake son yi na gaske, rahotannin shekara-shekara na sashen ilmi da wasiƙun Razdan suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Ka nemi jerin sunayen waɗanda aka ɗauka daga ƙasar Katsina da Daura tsakanin 1921 da 1938, ka bi ka ga 'ya'yan su wane ne, daga wace gunduma, kuma ina kowannensu ya ƙare. Mun san labarin goma ko ashirin da suka yi suna, sauran kuwa malaman ƙauye ne da alƙalai da magatakarda waɗanda jikokinsu suna nan da rai, za su kuma ba ka labari in ka je ka gaishe su.